Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi: Zubar Da Ciki Da Matan Karkara

Akwai maganganun da al'adarmu ta keɓe, ba a yin su a zaure, ba a yin su gaban manya, balle a rubuta su a takarda. Zancen zubar da ciki yana sahun gaba cikinsu. Duk da haka mun ga ya wajaba mu ɗauko shi a wannan fitowa ta mujallarmu, domin Bahaushen da ya hore mu da kunya, shi ne dai ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yawancinmu da ke zaune a ɗakunan lacca, da yayyenmu da suka riga suka kama aikin gwamnati, daga ƙauye muka fito, kuma da gumin manoma aka gina makarantun da suka kawo mu nan. Matan da wannan al'amari ke cinyewa iyayenmu ne da yayyenmu da ƙannenmu. Abin da muke so mu nuna a wannan ɗan rubutu shi ne, ana zubar da ciki a birni, ana kuma yi a ƙauye, amma wadda ta fi biyan farashinsa da ranta ita ce matar ƙauye, kuma shirun da mu 'yan boko muka yi yana cikin abubuwan da ke kashe ta.

Ɓari Daban, Zubarwa Daban

Da farko ya kamata mu rarrabe abubuwa biyu waɗanda harshenmu ya raba, amma littattafan asibiti sukan haɗa su wuri ɗaya. Ɓari shi ne cikin da ya lalace da kansa, ba da hannun kowa ba. Masana sun ƙiyasta cewa cikin kowane ciki 100 da aka san da shigarsa, kimanin 15 da ɓari suke ƙarewa, ko a wace ƙasa ce. A karkararmu kuwa ga zazzaɓin cizon sauro da cututtukan da ba a yi musu magani ba suna ƙara wa abin ƙarfi. Zubar da ciki shi ne wanda aka yi da gangan. To, amma idan mace ta iso asibiti jini yana zuba, sau da yawa alamun duka biyu ɗaya ne, kuma maganinsu ɗaya ne, watau a yi mata wankin ciki, a ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta, a ƙara mata jini in ta buƙata. Saboda haka zargin da ake bin mai zubarwa da shi ba ya tsayawa a kanta kaɗai. Wadda ta yi ɓari jim kaɗan bayan an sake ta, ko wadda mijinta ya daɗe wurin ci-rani, takan gwammace ta kwanta a ɗaki ta daure, da ta fita a bi ta da ido ana ƙirga mata watanni.

Abin Da Ƙidaya Ta Nuna

Abin da ake yi a ɓoye yana da wuyar ƙirgawa, amma an yi ƙoƙari har sau uku, kuma ya kamata kowane ɗalibi ya san sakamakon. A shekarar 1996 an ƙiyasta an zubar da ciki kimanin 610,000 a Nijeriya. A 2012 Cibiyar Guttmacher ta Amurka da masana na Jami'ar Ibadan suka sake bincike. Dabarar da suka bi ita ce, suka ƙirga matan da asibitoci suka yi jinyarsu bayan lalacewar ciki, suka cire na masu ɓari, sa'an nan suka auna yawan waɗanda ba su iso asibiti ba. Suka sami kimanin miliyan 1.25 a shekara ɗaya, watau 33 cikin kowace mata 1,000 da ke tsakanin shekara 15 da 49. Kada wani ya ce ai wannan halin mutanen Kudu ne. A Arewa maso Yamma an sami 31 cikin 1,000, a Arewa maso Gabas 41, alhali Kudu maso Yamma, inda Ikko da Ibadan suke, 27 aka samu. Binciken ya ce mata 212,000 aka yi wa jinya a asibiti saboda lahanin da abin ya yi musu, wasu 285,000 kuma sun sami lahani mai tsanani amma ba su sami jinyar da suke buƙata ba.

A 2018 aka yi bincike na uku, wanda Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka ta shirya tare da masana na cikin gida, har da na Jami'ar Bayero ta Kano. An zanta da mata fiye da 11,000 a jihohi bakwai, Kano da Kaduna da Nasarawa da Taraba suna ciki. Da yake an san mace ba ta cika tona asirin kanta ba, sai aka riƙa tambayar kowace ɗaya labarin aminiyarta ba tare da ambaton suna ba. Abin da aka gano shi ne ginshiƙin maganarmu. Matan birni da masu ilmin zamani sun fi bayyana cewa sun zubar da ciki. Amma fiye da shida cikin goma na dukan cikin da aka zubar, ta hanya mafi haɗari aka yi shi, kuma waɗanda suka fi faɗawa wannan hanya su ne matan karkara, da matalauta, da waɗanda ba su shiga makaranta ba. Matar birni mai hali ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa, ta biya, ta koma gida ba wanda ya ji. Matar ƙauye kuwa abin da hannunta ya kai shi take ɗauka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mata kimanin 75,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na dukan irin wannan mutuwa a duniya. In an raba da kwanakin shekara, ya haura mace 200 kowace rana. Hukumar ta ce a duniya baki ɗaya, kashi 5 zuwa 13 cikin 100 na irin wannan mutuwa daga zubar da ciki ta hanya mai haɗari yake. Da mota ce ke kifewa da mata 200 kullum, da tuni majalisa ta zauna. Amma waɗannan ɗai-ɗai suke tafiya, a ɗakunan da ba fitila, da safe a ce ciwon ciki ne, ko iska ce, a yi jana'iza a watse.

Me Ya Kai Su?

Ruwa ba ya tsami banza. Da an ambaci zubar da ciki, hoton da ke zuwa zukatanmu shi ne na yarinya mara kamun kai. Wannan hoto ya rufe mana ido ga barin wadda muka fi sani, watau matar aure mai 'ya'ya biyar ko shida, wadda ta sami kunika goyonta bai fara tafiya ba. Kowa ya san abin da tsofaffi ke faɗa, wai nonon mai ciki ya gurɓace, yaron da ya sha shi zai lalace. Kowa kuma ya san habaicin kishiya da na dangin miji ga wadda ta yi rurrutsa. A da al'ada tana da katangarta: mai jego takan tafi gidan iyayenta wanka, kuma miji yakan ƙaurace mata har a yaye. Wannan katanga ta zube a wurare da yawa, ba a kuwa gina wata a madadinta ba. Binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 12 cikin 100 kacal na matan aure ke amfani da hanyoyin zamani na tazarar haihuwa, a Arewa maso Yamma ma kimanin 6 ne, alhali kashi 19 suna son su huta ko su tsaya amma ba su amfani da komai. Na 2023 zuwa 2024 ya nuna masu amfani sun kai 15, masu so su rasa kuma sun kai 21. Matar da ta ce tana son hutu, sai ta nemi izinin mijin da bai taɓa jin bayanin abin daga bakin wanda ya yarda da shi ba. In ta samu, sai ta nemi kuɗin mota. In ta isa ɗakin shan magani, a ce mata kayan sun ƙare. Wata uku bayan haka ga ciki.

Ta biyu ita ce yarinyar da muka ɗora wa farantin talla muka tura ta tasha da kasuwa da ƙofar shaguna har bayan magariba. Wanda ke yi mata ciki ba sa'anta ba ne a yawancin lokaci. Babba ne mai 'yan kuɗi a aljihu, wani lokaci ma na cikin gida ne. Fyaɗe ya yi yawan da a Yunin 2020 gwamnonin jihohin ƙasar nan suka ce sun kafa dokar ta-ɓaci a kansa. Idan ciki ya bayyana, ba yarinyar ke yanke shawara ba. Uwa ce ko gwaggo, wadda ke tunanin auren sauran 'yan matan gidan da gorin da za a yi wa zuriya har jikoki, ita ke kama hannunta da dare ta kai ta inda za a rufa asiri.

Ta uku ita ce bazawara da aka saka ba tare da ko mudun hatsi ba, da matan da rikici ya raba da gidajensu, na Barno da Yobe tun daga 2009, da na Zamfara da Katsina da Sakkwato da 'yan bindiga suka tarwatsa. Wadda aka sace aka tsare a daji, ta dawo da cikin wanda ya kashe mijinta, wane ne cikinmu ya taɓa tsayawa ya tambayi inda ta nufa da shi?

A dukan ukun nan akwai wanda ba a ambata, shi ne namiji. Ciki shaida ne da ke tsayawa a jikin mutum ɗaya. Ba mu manta da shari'ar Safiya Husaini ta Jihar Sakkwato ba, wadda aka yanke wa hukuncin jefewa a 2001, da ta Amina Lawal ta Jihar Katsina a 2002. Dukansu zawarawa ne 'yan ƙauye, dukansu sun bar cikinsu sun haife, mazan da suka ambata kuwa suka musanta aka sallame su. Kotunan ɗaukaka ƙara na Shari'a ne suka wanke su, Safiya a 2002, Amina a 2003, kuma wannan abin yabo ne. Amma sai mu tambayi kanmu darasin da sauran matan karkara suka ɗauka daga watannin da waɗannan biyu suka yi suna jiran makomarsu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Hanyar Da Ke Kai Ta Kabari

Matar da ta yanke shawara a ɓoye, a ɓoye take neman hanya. Takan fara da abin da ke kusa, jiƙe-jiƙe da sassaƙe da haɗe-haɗen da ƙawa ta kwatanta mata. In bai yi ba, ta aika a sayo mata ƙwayoyi wurin mai kemis wanda bai san watannin cikin ba, bai kuma san adadin da jiki ke ɗauka ba. In wannan ma bai yi ba, sai a kai ta bayan shagon wani da ya taɓa share ɗakin tiyata ya ɗauki kansa likita, ya sa mata ƙarfen da ba a dafa ba. Abin da ke biyo baya likitoci sun san shi sarai: ragowar ciki ta tsaya a mahaifa jini ya ƙi tsayawa, ko mahaifa ta huje, ko ƙwayoyin cuta su shiga jini, ko ƙoda ta daina aiki. Wadda ta tsira ma takan tsira da toshewar hanyar ƙwai, ta ƙare rayuwarta ana kiranta juya.

Ko a nan ana iya ceton ranta, da za ta isa hannun masani da wuri. Sai dai jinkiri hawa uku ne. Na farko a gida, inda za ta kwana biyu ko uku tana ɓoye tsummoki, don in ta faɗa za a tambaye ta dalili. Na biyu a hanya, musamman da damina, ko inda dare ya yi ba mai iya fita saboda tsoron 'yan bindiga. Na uku a asibitin kansa, inda za a ce a kawo kuɗin kati da na safar hannu, a nemo mai ba da jini, wani lokaci kuma ma'aikaciyar da ya kamata ta kama ta, ita ce za ta fara yi mata gori a gaban jama'a. Wannan ba sabon ilmi ba ne. Tun tsakanin 1976 da 1979 Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin koyarwa na Zariya, ya nuna cewa matan da suka fi mutuwa su ne waɗanda ba su je awo ba, sai da abu ya ɓaci aka kawo su, kuma galibinsu ba su yi makaranta ba. Shekara arba'in bayan haka, binciken 2018 ya tarar kimanin kashi 16 cikin 100 ne kawai na haihuwa a Arewa maso Yamma ake yi a asibiti. Matar da ba ta zuwa asibiti don haihuwar sunna, ina za ta je da abin da take ɓoyewa?

Doka Da Addini

Mun san za a ce mana irin wannan magana buɗe ƙofar fasiƙanci ce. Masu faɗin haka iyayenmu ne da malamanmu, kuma tsoronsu ba na banza ba ne. Muna so su sani ba mu ɗauki alƙalami don mu halatta abin da aka haramta ba. Mazhabar Malikiyya da muke bi tana daga masu tsanani a wannan babi, galibin malamanta sun hana taɓa ciki tun daga shigarsa, kuma malamai sun haɗu a kan haramcinsa bayan kwana 120, sai fa in ran uwa yana cikin haɗari. Majami'un 'yan'uwanmu Kirista ma ba su yarda da shi ba. Dokar Final Kot da ke aiki a Arewa tun 1960, a sashe na 232, ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 14 ga wanda ya zubar da ciki, sai dai in an yi ne don ceton ran matar.

To, amma ga tambayarmu. Wannan doka tana nan daram lokacin da adadin ya tashi daga 610,000 zuwa miliyan 1.25. Ashe tsoron ɗauri kaɗai bai hana ba, ya dai kora abin zuwa lungu. Mai ƙin zubar da ciki da gaske, shi ya fi kowa cancantar ya yi yaƙi da abin da ke jawo shi. Addinin da ya hana zubarwa, shi ne ya ambaci shayarwa ta shekara biyu cikakku, malamansa suka yarda da azalu in matar ta amince, ya ɗora wa miji ciyarwa, ya kuma tsananta hukuncin mai yi wa mace ƙazafi. Mun riƙe hani ɗaya mun saki sauran umarnin. Haka kuma babu ayar doka ko ta addini da ta ce a bar mai zubar da jini ta mutu don a hukunta ta. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti korar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa, kuma a 2018 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da jagora ga likitoci a kan yanayin da doka ta yarda a raba mace da ciki don ceton ranta. Ma'aikatan ɗakunan shan magani nawa ne a ƙananan hukumominmu aka taɓa karanta wa waɗannan takardu?

Ina Mafita?

Ga gwamnati muna cewa, rigakafi ya fi magani. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu don lafiya, kuma Gwamnatin Tarayya, mai masaukin baƙi, ba ta taɓa cika wannan alkawari ba. Shekara da shekaru mun jingina da baƙi wajen sayen kayan tazarar haihuwa, sai ga shi a 2025 Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji. Wanda ya dogara da tukunyar maƙwabci, da yunwa zai kwana. Ya kamata kowace jiha ta sa kuɗin waɗannan kaya a kasafinta, ta tabbatar kowace mazaɓa tana da ɗakin haihuwa mai ungozoma da ta iya wankin ciki, da wuta, da hanyar samun jini, kuma a yi jinyar mai zubar da jini kyauta ba tare da tambayar yadda aka yi ba.

Ga malamai da sarakuna muna roƙo da ladabi, su yi wa maza bayanin tazarar haihuwa a kan mumbari da fada, domin kalma ɗaya daga bakin liman ko dagaci ta fi takardun talla dubu. Su kuma daina yarda a kashe maganar fyaɗe a zaure da sunan rufin asiri, alhali asirin mai laifi kaɗai ake rufawa.

Sa'an nan mu kanmu. Laifi tudu ne, kuma mun daɗe muna taka namu muna hango na wasu. Cikinmu akwai masu zuwa hutu ƙauye da wandon zamani da Turanci a baka, su yaudari 'yar mutane, su dawo makaranta su bar ta da kaya. Wanda ya yi haka ba shi da bakin zagin kowa. Sauranmu kuwa akwai aikin da ba ya buƙatar izinin minista. Ɗaliban likitanci da na jinya su koyi karɓar mara lafiya da sakin fuska kafin su koyi riƙe almakashi. Ɗaliban Hausa da na aikin jarida su zauna su tsara wannan ilmi da harshen da iyayenmu mata za su saurara a rediyo ba tare da sun kashe akwatin ba. Ɗaliban shari'a su fassara wa jama'a abin da doka ta hana da abin da ba ta hana ba. Ƙungiyoyin ɗalibai na garuruwa, maimakon su ƙare da bikin rawa da kalanda, su rubuta sunayen masu ba da jini da masu motar da za a iya tasa da dare. 'Yan'uwanmu mata da ke jami'a su ne za su iya shiga ɗakunan da mu maza ba mu shiga, su gaya wa ƙannensu da matan yayyensu cewa jinin da ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi da wari bayan ɓari, ba abin jira ba ne ko na kwana ɗaya. Wanda kuma ya riga ya zama akawu ko jami'in mulki a ƙaramar hukuma, ya tuna fayil ɗin kuɗin magani da ke kwance a kan teburinsa rayukan mutane ne. Uwa-uba, kowannenmu ya tsaya tsayin daka a gidansu don kada a cire ƙanwarsa daga makaranta a ɗora mata talla.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Kunya ado ce, kuma ba mu ce a yar da ita ba. Amma kunyar da za ta sa uwa ta zubar da jini har ta mutu a bayan ƙyaure, 'ya'yanta shida suna barci a tsakar gida, ta tashi daga ado ta koma sakaci, kuma za a tambaye mu a kanta. An kashe dukiyar talakawa an koya mana karatu don mu ga abin da ke ɓoye cikin alƙaluma mu faɗa wa mutanenmu da harshensu. Allah Ya ba mu ikon sauke wannan nauyi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya kuma kare sauran.